Ƙyallen Kirya

A zamanin da ƙasar Dakwara take ƙarƙashin sarki guda, ba a san ta da yawan dawaki ba, ba a kuma san ta da zinariya ba. Tutarta ce ta yi suna. Duk garin da ya yi mubaya'a ga sarkin Dakwara, matansa ne za su kaɗa zare da audugar gonakinsu, masaƙansa su saƙa ƙyalle guda mai faɗin tafin hannu, da irin launi da ratsin da aka san garin da su, a kawo fada a ɗinka shi a gefen na sauran garuruwa. Haka tutar ta yi ta ƙara faɗi tun kaka da kakanni, har ta kai sai ƙato ke iya riƙe sandarta in iska ta taso. Mayaƙa suna kiranta Tsohuwa, kuma ba da raini suke faɗa ba.

Akwai doka a kanta wadda ba sarki ne ya kafa ba, balle wani sarki ya soke. Mutumin da ƙyallen garinsu ke jikin Tsohuwa ba ya zare makami ya fuskance ta muddin tana tsaye. Wanda ya yi haka, garinsu ya rufe masa ƙofa ke nan. Ba a kiran sunansa, ba a miƙa masa ruwa, matansa da 'ya'yansa sun zama na gari, in ya mutu kuma ba shi da kabari kusa da iyayensa. Tun da aka kafa Dakwara ba a taɓa jin wanda ya gwada ba.

Da Sarki Dangana ya rasu, masu zaɓen sarki suka tsayar da babban ɗansa, Yarima Kyauta, wanda a lokacin yake can bakin iyaka yana tsaron mashigi. Kafin manzo ya kai masa labari, ƙanensa Barau ya rufe ƙofofin birni, ya sa aka buga masa tambari, ya ɗauko Tsohuwa ya kafa ta a ƙofar fada. Ƙasa ta rabu biyu. Garuruwan gabas da na kudu suka bi Yarima, ya kafa sansani a Tafkin Giwa. Sauran suka tsaya wa Barau, wasu don suna sonsa, wasu don ganuwarsa ta fi kusa da gonakinsu.

Jagoran rundunar Yarima shi ne Madawaki Nomau, mutumin Kirya, wanda ya yi wa marigayi yaƙi tun gemunsa na baƙi har ya yi fari. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ba ta san raɗa ba. Bai taɓa shiga majalisa da shakka a fuskarsa ba, kuma abin da ke ba masu ƙinsa haushi shi ne, yawanci abin da ya faɗa shi ke faruwa. Baraden Kirya masu sulke da lifidi su ne ƙarfin rundunar, ƙanensa Barde Tunau ke gabansu. Sauran garuruwan Yarima dakaru ne da 'yan baka.

Amma a karon farko, da aka yi a farkon damina, Nomau ya sha kunyar da bai taɓa sha ba. Barau bai wahalar da kansa da wata dabara ba. Fitowa kawai ya yi da Tsohuwa a gaba, iska na kaɗa ta. Mutanen Yarima suka ɗaga kai, kowa ya hango saƙar garinsu, na Madaci ya ga baƙin saƙinsa, na Ruwan Gora ya ga fari mai ratsin ja, sai takubba suka fara komawa kube. Wasu har sauka suka yi daga dawaki suka durƙusa. Mutanen Barau kuwa babu abin da ya ɗaure musu hannu, tun da Yarima ba shi da tuta, suka yi ta zuba kibau son ransu. Nomau da kansa ya ji hannunsa ya yi nauyi da idonsa ya faɗa kan ƙyallen Kirya, shuɗi mai duhu da farin zare a tsakiya. Ya janye mutanensa, aka koma Tafkin Giwa da gawawwakin mazan da ba su sari kowa ba.

Yarima ya kira majalisa a inuwar tsamiya, hakimai suka zauna kowa a muhallinsa. Wanda ya fara magana Waziri Tambai ne, siririn dattijo mai daɗin baki, wanda ya daɗe yana ganin Madawaki ya cika wuri. Shawararsa ita ce a tara masaƙa a ɓoye, a saƙa wata tuta sak irin Tsohuwa, sannan a baza magana cewa wadda ke hannun Barau ce ta ƙarya. Sarkin Baka ya ce a bar fito-na-fito, a shiga daji a riƙa kai hari inda tuta ba ta kai ba. Wani hakimi daga kudu ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe dai aka gane sulhu yake so, don geron garinsu ya isa noman fari kuma babu maza a gida. Wannan shi ne abin da kowa ke tsoro bai faɗa ba. In aka sake durƙusawa a gaban Tsohuwa, rundunar za ta watse zuwa gonaki.

Nomau ya bari kowa ya gama, sannan ya gyara zama.

"Allah ya ja zamanin Yarima. Waziri ya yi magana irin ta masu hankali, sai dai bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin Tsohuwa rana na dukansa ba. Ni na tsaya. Mayaƙin da ya mayar da takobinsa kube ba launi ya gani ba. Zaren da kakarsa ta kaɗa ya gani, da ƙurar yaƙoƙin da ubansa ya mutu a ciki. Sabon ƙyalle ba zai ruɗe shi ba, ko da an shekara ana turara shi da hayaƙi. Ba ma bukatar tutar ƙarya. Ƙyallayenmu na gaske muke so, kuma Barau ne zai aiko mana da su da hannunsa."

Aka yi 'yar dariya. Waziri ya tambaya a hankali ko an sami labarin Barau ya taɓu ne. Nomau ya ce bai taɓu ba, halinsa ne dai bai canza ba. Shi ne ya fara ɗora Barau a kan doki yana yaro, kuma ya taɓa ganinsa ya fasa akushinsa da kansa, ya kwana da yunwa, don kawai ɗan wani bawa ya sa hannu a ciki. Yaron da ya yi haka da akushi, in aka taɓa shi a inda ya dace a gaban jama'a, zai yi haka da tuta. Ya bayyana saƙon da yake so a kai. Manzo ya shiga fada ranar da ta cika maƙil, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce Yarima na gode wa ƙanensa da yake ɗauke da ƙyallayen garuruwan da suka ƙi shi a saman kansa, yana shan inuwarsu, kuma yana roƙon ya ci gaba da kula da su har mai su ya iso.

Yarima mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ɗago ya dubi Nomau.

"Baba Madawaki, mahaifina bai taɓa nadamar bin shawararka ba. A tura manzo."

Aka tura wani dattijo mai suna Cindo, wanda ya iya faɗar magana mai ɗaci da fuskar mai addu'a. Tun ƙurar dokinsa ba ta kwanta ba Nomau ya sa aka shiga fadama aka saro gora doguwa miƙaƙƙiya, aka kankare ta, aka shafe ta da man shanu. Hakimai suka riƙa wucewa suna kallon sandar tuta babu tuta, suna haɗa ido da juna. Ana cikin haka wata rana da hantsi guguwa ta ratso sansani, ta bar kowa da komai, ta warware rawanin Madawaki ta yi sama da shi. Masu duba suka ce ba alama ce mai kyau ba, kai ne zai rasa rufi. Nomau ya yi dariya har da dafa ciki, ya ce alama ce dai ta cewa bai iya naɗi ba, ya aika aka ciro rawanin daga kan ƙaya.

Cindo ya dawo da jakar fata rataye a gaban sirdi. Ya ba da labari a gaban majalisa. Ya ce yana rufe baki Barau ya miƙe tsaye a fusace. Galadima Mijinyawa, tsohon da ya fi kowa wayo a birni, ya yi ta roƙonsa kada ya taɓa Tsohuwa, amma ina. Nan take aka kira maɗinki, aka farke ƙyallen duk garin da ya bi Yarima, aka kai barga aka zuba a ƙarƙashin kofaton dawaki, sannan aka cusa a jaka aka ce a kai wa masu shi.

Ya zazzage jakar a kan tabarma. Hakimai suka manta da girma, suka rufa a kai kamar mata a wurin rabon gishiri. Kowa ya tsamo na garinsu, ya ga sawun kofato da kashin doki a jiki. Hakimin nan na kudu mai son sulhu ya ɗora nasa a goshi yana kuka, da ya ɗago kuwa babu sauran sulhu a idonsa. Nomau na zaune yana murmushi, daɗi ya cika shi, don ya sami abu biyu da jifa ɗaya, an kwance wa mutanensa hannu kuma an hura musu wuta. Sai ya lura da ƙanensa Tunau yana ta juya tabarma, yana kakkaɓe jaka. Babu shuɗi mai farin zare a ciki.

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce akwai sauran saƙo. Da maɗinki ya kai kan ƙyallen Kirya, Galadima ya matsa ya raɗa wa Barau magana a kunne, Barau ya ce a bar wannan.

"Ya ce a gaya wa Baba Madawaki, ƙyallen Kirya yana nan a inda yake, don ya san inda zuciyar Madawaki take. Ya ce duk ranar da ya ga dama ya taho, babu wanda zai tare shi."

Murmushin Nomau ya tafi. Ya auna Barau daidai, amma ya manta da tsohon da ke zaune a damansa, kuma wannan mantuwa ta yi masa ciwo fiye da sara. Nan take ya ga abin da aka yi masa. An saki dakaru da 'yan baka, an ɗaure baraden Kirya, su kaɗai da za su iya fasa 'yan lifidin Barau. A kan haka kuma an jefa masa zargi. Waziri bai yi sanya ba. Ya ce shi ba ya zargin kowa, sai dai abin mamaki ne a ce mutum ya kawo shawara, kowa ya sha wulaƙanci a cikinta, garinsu kaɗai ya fita da mutunci.

Tunau ya zabura, Nomau ya dafa gwiwarsa ya zaunar da shi. Ya ce Waziri ya yi tambayar da ta kamata, kuma za a ba shi amsa a fagen fama, inda ake jin amsa da kyau. Ya roƙi Yarima kada a ɓata lokaci, a ɗinka tuta.

Magajiya, gwaggon Yarima, ita ta tara matan sansani da allurai. Sun so su wanke ƙyallayen, Nomau ya hana, ya ce a bar kowane sawun kofato a inda yake. Sun so su haɗe su gefe da gefe, ya sake hanawa. Ya sa aka jera su bisa tsarin da suke a jikin Tsohuwa, duk inda ƙyallen garin da ke tare da Barau ya kamata ya zauna aka bar gurbinsa a buɗe, igiyoyin zare kawai suka riƙe tsakani. Da aka ɗaga ta a kan gora sai ga tuta ana hango sararin sama ta cikinta. Mayaƙa suka kwashe da dariya, suka sa mata suna Mai Giɓi, kuma kafin la'asar sunan ya zagaye sansani. Yarima ya tambayi dalilin guraben. Nomau ya ce mutanen da ke wancan ɓangare 'yan Dakwara ne, yana so duk wanda ya ɗaga kai a cikinsu ya ga an ajiye wa garinsu wuri. Akwai gurbi guda kusa da sanda wanda bai ce komai a kansa ba, kowa kuma ya san na wane gari ne.

Aka buga kuge, runduna ta tashi. Suka tarar da Barau ya fito ya ja daga a wani fili da ke gaban birni, da safe bayan an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Tsohuwa na tsakiya, ta rame ta zama rabin yadda aka san ta, 'yan lifidi sun kewaye ta sahu bayan sahu. Nomau ya dube su ya san dakaru ba za su kai gare ta ba ko za su wuni suna mutuwa. Ya jera 'yan baka a dama, dakaru a tsakiya tare da Mai Giɓi, ya kai baraden Kirya hagu ya tsayar da su a bayan wani tudu. Sannan ya ja ƙanensa gefe.

Ya ce masa kada wani ɗan Kirya ya zare ko wuƙa. Su zuba wa Tsohuwa ido kawai. Duk lokacin da suka duba ba su gan ta a tsaye ba, doka ta sauka daga kansu, su saki linzami. Tunau ya tambaya wa zai kayar da ita, alhali babu ɗan wani gari da zai iya ratsa lifidin nan. Nomau ya shiga gyara ɗamarar sirdinsa. Tunau ya dube shi, ya dube shi, sai fuskarsa ta canza.

"Yaya, kada ka yi. Ka tuna da 'ya'yanka. Ka tuna Baba yana kwance a Kirya, kuma an bar maka wuri a gefensa."

"Na tuna, Tunau. Tun ranar da Cindo ya zazzage jakar nan ban tuna da wani abu ba. Ni na kawo shawarar da ta ɗaure ku, ni zan kwance. In ban yi ba, mutanen nan da suka bi mu za a yanka su a gaban idonmu muna zaune a kan dawaki. Gara Kirya ta rasa mutum ɗaya. Kuma ka ji ni da kyau, abin da doka ta ce a yi mini, kai za ka fara yi."

Tunau ya kama linzamin dokinsa ya riƙe. Nomau ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda yake yi masa suna yara in ya riƙe abin da ba nasa ba.

Aka busa kakaki, 'yan baka suka saki, dakaru suka taka. Wannan karon babu takobin da ya koma kube. Mutanen Madaci da na Ruwan Gora suka faɗa wa sahun Barau da fushin da suka kwana da shi, Mai Giɓi na tafe a kansu. A gefen Barau kuma wasu dakaru suka riƙa ɗaga kai suna kallon guraben, saransu ya yi sanyi. Amma 'yan lifidi suka motsa, suka fara tura mutanen Yarima baya taku bayan taku, laka na haɗiye waɗanda suka faɗi.

A lokacin ne Nomau ya fito daga bayan tudu shi kaɗai. Bai ɗauki garkuwa ba, mashinsa ya bar wa zagi, takobinsa na cikin kube. Ya bar doki yana tafiyar ƙasaita, ya nufi Tsohuwa kai tsaye. Ya ji hayaniya ta tashi a bayansa, ya san abin da mutanensa ke faɗa, ya kuma san Waziri na can yana kaɗa kai a gefen Yarima. Abin ya sosa masa rai, amma bai waiwaya ba.

'Yan lifidin Barau suka hango shi, suka gane shi. Sarkinsu ya faɗa a gaban kowa cewa Madawaki zai zo, ga shi kuwa ya zo. Ga ƙyallen Kirya na kaɗawa a samansu, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ɗan Dakwara zai iya abin da ba a taɓa yi ba. Sahun farko ya buɗe, na biyu ya buɗe. Wasu ma jinjina suka yi masa, suna yi masa barka da zuwa. Galadima Mijinyawa ne kaɗai ya kalli fuskarsa ya ga ba fuskar mai tuba ba ce, ya ɗaga murya a tare shi, amma muryar tsoho ba ta wuce wuyan dokinsa ba.

Barau na kan wani farin doki a gindin tuta, yana murmushi.

"Baba Madawaki, ka daɗe a hanya."

"Na daɗe, Barau. Na koya maka hawa, ban koya maka sauka ba. Yau na zo in cika."

Ya ɗaga kai ya kalli shuɗin ƙyallen sau ɗaya. Zuciyarsa ta karye da gaske, amma hannunsa bai yi nauyi ba. Ya zare takobi ya kai wa sandar sara da dukan ƙarfinsa, dab da hannun mai riƙe da ita. Itacen tsoho ne, ya sha shekaru. Ya tsage, Tsohuwa ta yi tangaɗi ta kife a cikin laka.

Mutanen da ke kewaye da shi suka daskare da makamai a hannu, don abin da suka gani ba shi da wurin zama a kansu. Kafin su farfaɗo ƙasa ta fara rawa daga hagu. Wani ya soke shi da mashi a cinya, wani ya sare shi a kafaɗa, ya riƙe wuyan doki yana kare kansa iya yadda zai iya, sai ga baraden Kirya sun faɗo wa 'yan lifidi ta gefen da suka buɗe da kansu. Ba a daɗe ba. Dakarun garuruwan da suka ga gurabensu suka zubar da makamai suka nufi Mai Giɓi. Barau ya juya dokinsa, bai ma nufi birni ba, ya yi yamma da 'yan tsirarun da suka rage masa. Kafin azahar masu tsaron ƙofa suka buɗe ta da kansu.

Nomau ya sami kansa zaune a gindin wata bishiyar ƙirya da ke bakin fili, jini na bin ƙafarsa, ƙishirwa ta busar masa da maƙogwaro. Baraden Kirya suka taho za su wuce, mazan da ya yi rainonsu da hannunsa, waɗanda ya san sunan uban kowannensu. Da suka iso daidai inda yake, kowa ya kau da kai. Tunau ne a ƙarshe. Ya tsayar da doki, idonsa na kan wani abu can nesa, hawaye na bin gemunsa. Ya kwance goran ruwansa ya sake shi ya faɗi ƙasa, kamar wanda abu ya suɓuce wa, ya wuce. Nomau ya ja jiki ya ɗauka ya sha.

Can sai ga Yarima da hakimai, Waziri na baya yana neman inda zai sa idonsa. Yarima ya sauka daga doki, abin da bai taɓa yi wa wani ba, ya tsuguna a gabansa. Ya ce gobe in an naɗa shi, umarninsa na farko shi ne Kirya ta buɗe wa Madawaki ƙofa, kuma duk wanda ya ƙi kiran sunansa zai gamu da fushin sarki.

Nomau ya girgiza kai.

"Allah ya ba ka nasara, kada ka fara mulkinka da wannan. Yau Dakwara ta ga ana iya sare tuta. In ta ga an sare kuma an koma gida an ci tuwo, taka ba za ta shekara a tsaye ba. Abin da za a yi mini shi ne zai riƙe maka ita. Ka bar Kirya ta yi abin da ta gada."

Idon Yarima ya kaɗa. Ya ce to ya faɗi abin da yake so a duk faɗin ƙasar, gari ko dawaki ko sarauta, kafin ya rufe baki an ba shi. Hakimai suka matso don su ji abin da mutumin da ya ci yaƙi shi kaɗai zai nema.

Nomau ya dubi ganuwar birnin, ya gyara zaman ƙafarsa mai ciwo.

"Ranka ya daɗe, ka sa a auna mini wurin kabari a cikin birninka. Ba gaggawa nake yi ba, amma ina so in san ina da shi."